Ina Aka Binne Amina ta Zazzau? Nazarin Ruwayoyi Masu Karo da Juna a Bisa Ma'aunin Malaman Hadisi

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi ruwayoyin da suka yi magana a kan wurin da Amina ta Zazzau ta rasu da wurin da aka binne ta, ta auna su da ƙa'idojin da malaman hadisi suka shimfiɗa domin warware saɓani tsakanin labarai. An gano cewa tsohon nassi ɗaya ne kawai ya ambaci wurin rasuwarta, wato Atagara, kuma bai ambaci kabari ba. Sauran sunayen garuruwa da ke yawo a littattafan baya, wasu fassarar wannan nassi ne, wasu kuwa kuskuren kwafi ne. Maƙalar ta rarrabe abin da ya tabbata da abin da ya rinjaya da abin da ya wajaba a dakata a kansa.

1.0 Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

A wajen ganuwar birnin Zariya, a yankin Tudun Wada, akwai unguwar da ake kira Tudun Jukun. Ruwayar baka tana danganta sunan da zangon da mayaƙan Jukunawa, mutanen Kwararrafa, suka yi a kan tudun a zamanin da suke kawo hari ƙasar Hausa. Sunan unguwar yana tuna wa mai nazari cewa tarihin Zazzau a ɗaure yake da ƙasashen kudu, na kwarin Binuwai da na Kwara. Ta wannan hanya Kwararrafa suka hauro arewa, ta nan kuma, a faɗar tsofaffin littattafai, Amina ta gangara kudu da rundunarta, ba a sake jin labarin komowarta ba.

Amina tana cikin kakannin da Zazzagawa suke alfahari da su. An sa sunanta ga kwalejin 'yan mata a Kaduna da ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma ana karantar da labarinta tun daga firamare. Sai dai idan aka tambayi ɗalibai inda kabarinta yake, amsoshin sukan bambanta. Wani ya ce Idah, wani ya ce Dekina, wani ya ce kusa da Bida, wani kuma ya nuna Turunku. Da yawa za su ƙara da cewa ta rasu a shekarar 1610, kamar abu ne da aka gani a rubuce a kan dutse.

Mas'alar ta wuce Amina ita kaɗai. Gidajen malamai da na sarauta da yawa a ƙasar Hausa suna da irin wannan saɓani game da kabarin kakansu, kuma a kan gina da'awar asali ko ta gado a kansa. Ɗalibin addini yana da kayan aikin warware irin wannan, domin ya karanta su a ilmin musɗalahul hadisi. Abin da ya rage shi ne ya gwada su a kan tarihin ƙasarsa.

2.0 Ma'aunin Warware Saɓani

Idan ruwayoyi biyu karɓaɓɓu suka yi karo da juna, malaman hadisi suna bin matakai huɗu, kamar yadda Hafiz Ibn Hajar (ya rasu 852 B.H.) ya jera su a Nukhbatul Fikar. Da farko a nemi haɗa su, wato jam'i. In bai yiwu ba, a duba ko ɗaya ta shafe ɗaya, wato nasakhi. In ba a gane hakan ba, a rinjayar da ɗaya bisa dalili, wato tarjihi. In duk sun faskara, a dakata, wato tawaƙƙufi. Mataki na biyu ba ya aiki a nan, domin malaman usulu sun tabbatar da cewa shafewa tana shiga hukunci ne, ba ta shiga labarin abin da ya riga ya auku. Saboda haka matakai uku suka rage.

Kafin waɗannan matakai akwai sharaɗin da ake yawan tsallakewa. Ba a kiran abu saɓani sai bayan kowace ruwaya ta tsaya da ƙafarta. Ruwayar da ba a san tushenta ba ba ta karo da wadda aka san mai ita. Haka kuma littattafai goma da suka kwafo daga littafi ɗaya shaida ɗaya ce, ko da sun cika kanta. Ibn Khaldun (ya rasu 808 B.H.) ya ƙara wani ma'auni a Muƙaddima, inda ya nuna cewa labarin tarihi ana auna shi da yanayin zamani da wuri, a ga ko zai yiwu, kafin a tsaya tantance maruwaita.

Magabata sun yi aiki da wannan ma'auni a kan kaburbura. Alkhaɗibul Bagdadi (ya rasu 463 B.H.) ya kawo maganganu mabambanta a Tarikhu Bagdada game da inda aka binne Sayyidina Aliyu, Allah ya ƙara masa yarda. Ibn Taimiyya (ya rasu 728 B.H.) ya rubuta risala a kan inda kan Sayyidina Husaini yake, ya bi tarihin abin da aka ɗauko daga Asƙalan zuwa Alƙahira a 548 B.H. Idan kaburburan irin waɗannan manya sun karɓi bincike, babu abin da zai hana a bincika na wata sarauniya a ƙasar Hausa.

3.0 Madogara Uku

Tsofaffin madogarar labarin Amina uku ne, kowace da abin da ta faɗa da abin da ta yi shiru a kansa.

Ta farko ita ce Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu, wanda aka rubuta a 1227 B.H., daidai da 1812. Bello ya bayyana Amina a matsayin 'yar Sarkin Zazzau wadda ta ci ƙasashen Hausa da yaƙi, har Kano da Katsina suka riƙa ba ta gandu, ta kuma ci ƙasashen Bauchi har mulkinta ya kai bakin ruwa ta kudu da yamma. Ya ce ta rasu a Atagara. Bai faɗi shekara ba, bai faɗi sanadin rasuwa ba, bai ambaci kabari ba, bai kuma faɗi wanda ya ji labarin daga gare shi ba. Wannan sashe na littafin ya isa Ingila ta hannun Kilafatan, Baturen da ya ziyarci Sakkwato a 1824, aka fassara shi aka buga a 1826. Abdulƙadir ɗan Musɗafa, wanda aka fi sani da Ɗan Tafa (ya rasu 1864), ya maimaita labarin a Raudatul Afkar. Amma Ɗan Tafa jikan Shehu ne ta wajen mahaifiyarsa Khadija, Bello kawunsa ne, kuma a makarantar gidan ya tashi. Maganarsa tana tabbatar da abin da aka sani a Sakkwato a lokacin, ba za a ƙirga ta shaida ta biyu mai cin gashin kanta ba.

Ta biyu ita ce Tarihin Kano, littafin Larabci da ba a rubuta sunan mawallafinsa ba, wanda ya tsaya a kan Sarkin Kano Muhammadu Bello (1882 zuwa 1893). H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1908, fassararsa ta Hausa kuma ta fito a Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda Hukumar Fassara ta Zariya ta fitar a farkon shekarun 1930. Littafin ya sanya Amina a zamanin Sarkin Kano Dauda, wanda Palmer ya lissafa mulkinsa daga 1421 zuwa 1438. Ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nupe, Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, kuma yaƙe-yaƙenta sun ɗauki shekara 34. Game da rasuwarta da kabarinta bai ce komai ba.

Ta uku ita ce jerin sarakunan Zazzau, wanda E. J. Arnett ya buga a kundin bayanin Lardin Zariya na 1920. A nan babu sunan Amina cikin waɗanda suka hau gadon sarauta. Akwai Bakwa Turunku, wanda aka lissafa hawansa a 1536, kuma ruwayar Zazzau tana cewa Amina da Zariya 'ya'yan Bakwa ne. Ya kamata a tuna cewa ajiyar fadar Haɓe ta rabu biyu bayan jihadi, lokacin da Malam Musa ya karɓi birnin, Sarki Makau ya yi kudu zuwa Zuba, ɗan'uwansa Abu Ja kuma ya kafa Abuja, Suleja ta yau, a 1828. Wani kaso na masu riƙe da tarihin gidan ya bi su can.

Tsakanin lissafin Kano da na Zazzau akwai tazarar kimanin shekara ɗari. Farfesa Abdullahi Smith, a nazarinsa na 1970 kan tarihin Zazzau a ƙarƙashin sarakunan Hausa, ya tattauna wannan tazara, kuma littattafan makaranta sun fi bin ƙarni na 16. Abin lura shi ne shekarun duka biyu lissafin baya ne. Tsofaffin jerin suna faɗin tsawon mulkin kowane sarki, masu fassara ne suka ƙirga da baya suka fitar da shekarun miladiyya. Ko wane lissafi aka bi, tsakanin Amina da alƙalamin Bello akwai shekara ɗari biyu ko fiye, ba tare da isnadi ba. A ma'aunin hadisi wannan ruwaya ce yankakkiya. A ma'aunin tarihi kuwa, inda malamai suka sassauta sharuɗɗa saboda ba a gina halal da haram a kansa, ita ce mafi tsufa kuma mafi ƙarfi da ake da ita.

4.0 Ina ne Atagara?

Tunda nassi ɗaya ne, nauyin bincike ya koma kan kalma ɗaya. Fassarar da ta fi yaɗuwa ita ce Atagara tana nufin ƙasar Igala, wadda hedikwatarta take Idah a gaɓar gabas ta kogin Kwara, kudu da Lokoja, a Jihar Kogi ta yau. Dalilin harshe yana goyon bayan haka. Sarkin Igala ana kiransa Ata, kuma maƙwabtansu da Turawan ƙarni na 19 sukan kira al'ummar Igara. Ata Igara a bakin fataken Hausa ba ta da nisa da Atagara, kuma kiran ƙasa da laƙabin sarkinta abu ne sananne.

Sai dai akwai abin da ke iya kawo shubuha. Tarihin Kano ya ba da labarin Sarkin Kano Yaji (1349 zuwa 1385 a lissafin Palmer), cewa ya kai yaƙi Kwararrafa, mutanen suka gudu suka hau wani dutse mai suna Tagara, ya zaune su wata bakwai. Wannan yana nuna wani wuri mai kama da sunan a ƙasar Kwararrafa. Tunda littafin ya ce Amina ma ta ci Kwararrafa, mai bincike zai iya tambaya ko can ne ta rasu.

A nan ake buƙatar tarjihi, kuma ƙa'idar ita ce a fassara kalmar mai magana da yadda shi kansa ya yi amfani da ita. A cikin Infaƙul Maisuri, Bello ya ambaci Kwararrafa daban, ya ambaci Atagara daban, ya siffanta Atagara da cewa ƙasa ce mai faɗi, a kusa da ita akwai matsayar jiragen ruwan Nasara. Ke nan a wurinsa Atagara ƙasa ce mai zaman kanta a can ƙarshen kudu, ba dutse guda a cikin Kwararrafa ba. Wannan siffa ta fi dacewa da Igala, wadda ta riƙe cinikin kogi tsakanin mahaɗar Kwara da Binuwai da garuruwan da ke kusa da teku.

Ma'aunin Ibn Khaldun yana ƙara haske a nan. A 1812 babu jirgin Turawa da ya taɓa kaiwa Idah. 'Yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, sai a 1830 suka bi Kwara da kwalekwale har teku, jiragen tururi suka biyo baya daga 1832, sannan a 1841 tawagar Ingila ta ƙulla yarjejeniya da Ata a Idah. Saboda haka Bello bai siffanta abin da ya gani ba. Ya rubuta abin da fatake suka kawo, su kuwa sun san cewa kayan Turawa ta wannan fuska suke haurowa. Wannan ba ya rushe ruwayar, amma yana nuna iyakarta. Atagara a bakin Bello sunan yanki ne a gefen saninsa, mai nisan fiye da kilomita 400 daga Zariya. Wanda ya san ƙasa a dunƙule haka ba za a nemi ya nuna kabari a cikinta ba.

5.0 Idah, Dekina, Bida da Turunku

Da wannan a hannu, sauran maganganun suna iya warwaruwa ɗaya bayan ɗaya.

Idah da Dekina duka a ƙasar Igala suke. Wanda ya ce Idah ya ɗauki sunan ƙasa ya ɗora a kan babban birninta. Wanda ya ce Dekina ya ambaci wani gari a cikin ƙasar. Babu ɗayansu da ya saɓa wa Bello, don haka jam'i ya yiwu: duka biyun suna cikin Atagara. Amma ƙayyade gari guda ƙari ne a kan nassi, kuma ƙari ba ya karɓuwa sai daga amintaccen da aka san shi. Wasu littattafan baya sun haɗa har da cewa ta rasu a wuri kaza aka kai gawarta wuri kaza, ba tare da sun faɗi inda suka samo ba.

Maganar Bida tana da rauni ta fuska biyu. Bida a ƙasar Nupe take, kuma ba ta zama hedikwatar Nupe ba sai a tsakiyar ƙarni na 19, a hannun zuriyar Malam Dendo. Sannan tsakanin Ida da Bida a rubutun boko harafi ɗaya ne, a Larabci kuma idan harafin jarra na ba'un ya shiga kan sunan Ida, karatun yana komawa kusa da Bida. Wannan shi ne abin da malaman hadisi suke kira tas'hifi, wato gurɓata kalma wajen kwafi, har Daraƙuɗni da Askari suka wallafa littattafai a kansa. Ba a kama hannun wanda ya fara kuskuren ba, amma wannan bayani ya fi kusa da hankali, musamman da yake ambaton Sarkin Nupe a labarin Amina zai sa mai karatu ya karɓi Bida ba tare da tuhuma ba.

Turunku, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Igabi a Jihar Kaduna, tana da kufai da tsohuwar ganuwa, kuma ruwayar Zazzau tana ɗaukar ta mazaunin sarauta kafin a koma gindin Kufena. Kabarin da ake nunawa a can ga Bakwa ake jingina shi. Haɗarin da ke nan shi ne shaharar 'ya ta rufe sunan mahaifi. An riga an ga misalin haka a ganuwoyi, inda tsofaffin ganuwoyi masu yawa a ƙasar Hausa ake kiran su ganuwar Amina, alhali ba zai yiwu a ce duka aikinta ne ba. Abin da ba a san mai shi ba yakan koma hannun wanda ya fi suna.

Shekarar 1610 kuwa tana tona asirin kanta. Littattafan da suka bi lissafin Zazzau suna cewa Amina ta karɓi ragama a 1576, bayan Karama. Idan aka ƙara shekara 34 na Tarihin Kano a kan 1576, sai a sami 1610 daidai. Ke nan an ɗauko mafari daga wata ruwaya, an ɗauko tsawo daga wata ruwayar da ta sanya Amina a wani ƙarni daban, an haɗa su. Wannan talfiƙi ne. Ana iya ambaton sa a matsayin ƙiyasi, amma ba a matsayin abin da aka ruwaito ba.

6.0 Dalilin Ɓacewar Kaburbura

Rashin sanin kabarin Amina ba abin mamaki ba ne. Wurin rasuwa daban, wurin binnewa daban, ko da yake a ƙasa mai zafi, a zamanin tafiyar ƙafa da doki, mafi rinjaye shi ne a binne mutum inda ya cika. Rundunar da ke cikin ƙasar da ta ci da yaƙi kuma tana da dalilin ɓoye kabarin shugabanta, don gudun tonewa.

Ga Musulmi kuwa, shari'a ba ta ƙarfafa raya kaburbura ba. Muslim ya ruwaito hani ga shafe kabari da farar ƙasa da yin gini a kansa daga Jabir, Allah ya ƙara masa yarda, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirin zaure ya sani, ta karhanta hakan. Abin da aka yarda shi ne alama domin ganewa, kamar dutsen da Annabi (SAW) ya aza a kabarin Usmanu bin Maz'un. Alƙali Iyad ya kawo daga Imam Malik cewa kimanin sahabbai dubu goma suka rasu a Madina, amma waɗanda aka san ainihin kabarinsu a Baƙi'a kaɗan ne. Shehu Usmanu ma, a Ihya'us Sunna, ya lissafa gini a kan kabari da shafarsa don neman albarka cikin bidi'o'i. Saboda haka jahiltar kabari ba ta rage addinin kowa. Abin da ake tsoro shi ne kishiyar haka, wato a ƙirƙiro kabari saboda yawon buɗe ido ko neman fifiko tsakanin garuruwa, a wayi gari ana kai masa ziyara da buƙatu.

Mawallafin Tarihin Kano ya bar misali mai kyau. Da ya zo kan rasuwar Yaji, ya kawo magana biyu, ta masu cewa a Kano ya rasu da ta masu cewa a Kwararrafa, ya wuce bai zaɓa ba. Wannan shi ne tawaƙƙufi a aikace.

7.0 Kammalawa

Sakamakon binciken yana hawa huɗu. Abin da ya tabbata shi ne mafi tsufan nassi, na Muhammadu Bello a 1812, ya ce Amina ta rasu a Atagara. Abin da ya rinjaya shi ne Atagara ƙasar Igala ce. Abin da ake dakatawa a kansa shi ne garin da ta cika da wurin kabarinta. Abin da ake ajiyewa shi ne maganar Bida, da ɗaukar 1610 a matsayin shekara tabbatacciya.

Aikin da ya rage a bayyane yake. Ana buƙatar gwama kwafe-kwafen Infaƙul Maisuri da ke Gidan Arewa a Kaduna, da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da ma'ajiyar rubuce-rubucen Jami'ar Ahmadu Bello, da bugun Whitting na 1951, domin a ga yadda aka rubuta kalmar da yadda aka yi mata wasali. Ana buƙatar tattara ruwayar baka a Idah da Dekina da Turunku da Suleja, tare da tambayar kowane mai ba da labari daga wa ya ji. Wannan tambaya ta zama dole, domin tun shekarun 1930 labarin littafi yake komawa bakin mutane ta hanyar makaranta, ya sake fitowa da kamannin gado.

Gidan da ke saɓani a kan kabarin kakansa zai amfana da wannan tsari: a nemo mafi tsufan magana, a san wanda ya faɗe ta, a ware masu kwafi daga masu shaida, a bambance wurin rasuwa da wurin binnewa, sannan a tsaya inda dalili ya tsaya. Addu'a tana isa ga mamacin Musulmi ko an san kabarinsa ko ba a sani ba. Allah ne mafi sani.